Gonar Baba a Taswirar Turawa

Karatun digiri na uku ne ya fitar da ni daga Birnin Gwari, ban san shari'ar gonar mahaifina zan je yi a ƙasar mutane ba. Gonar tana bayan Dogon Dawa, dab da bakin daji, kuma ta daɗe ba ta ga fartanya ba, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyenmu. Baba ya dawo cikin gari yana zaman haya, ɗaki da ɗaki da Baba Ayuba, wani dattijon Gbagyi da gonarsa ke iyaka da tamu. Tare suka gudo. Har yau in ka tambayi Baba sana'arsa manomi zai ce maka, ya ƙara da cewa ya ɗan shigo gari ne kafin abubuwa su lafa.

Garin da na sauka a Turai ba zan faɗi sunansa ba, bai kai a yi masa talla ba. Sanyi ne da yayyafin da ba ya ɗaukewa, da mutane masu sauri kamar an biyo su. Da farko nakan gaishe da duk wanda na haɗu da shi a matakalar bene, su kuwa su dube ni su ƙara riƙe jakarsu. Na daina. Abincinsu dafaffen dankali ne, ba yaji ba daddawa, a ɗora maka ganye ɗaya a gefen faranti wai ado. Na yi kewar miyar kuka har ina jin ƙanshinta a hanci, ni da a gida nake yatsina fuska in an yi ta kwana biyu a jere.

Malamin da zai duba aikina kowa Farfesa yake ce masa, kuma an ce duk ƙasar babu wanda ya kai shi sanin dazuzzukan Afirka. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Najeriya. Ya ce ƙwarai kuwa, ya taɓa kwana a wani otal a Abuja lokacin wani taro, kuma mutanenmu suna da fara'a. Na ce masa mun gode.

"Hotunan tauraron ɗan'adam za ka tattara," in ji shi, "na dajin Kamuku da kewayensa, shekara da shekaru, ka gano inda daji ya ƙaru da inda ya ragu. Wannan 'yar kwamfutar taka ba za ta iya ba, ko za ka jira ta har ka yi furfura. Sai ka shiga girid."

Girid ɗin nan, gwamnatin ƙasar ce ta haɗa manyan kwamfutocin jami'o'inta suka zama kamar abu guda. Mai bincike ya tura aikinsa, a rarraba wa injuna masu yawa su yi masa a lokaci ɗaya. Da aka gama yi mini bayani na ce ai gayya ce. Mu ma in noma ya fi ƙarfin mutum ɗaya samari ake kira, kowa ya zo da fartanyarsa, kafin azahar an tashi. Sai dai mu fura da goro ake tanada a kira gayya, su kuwa sai ka fara tabbatar musu cewa kai ne kai.

Ba a shiga sai da abin da suke kira makulli, wata shaida ce da ake saka maka a kwamfuta, da sunanka kai kaɗai. Kafin a ba ka sai wani jami'i ya gan ka ido da ido, ya dubi fasfo ya dubi fuskarka. Ƙasar da ke tinƙahon komai nata ta intanet ake yi kenan. Jami'in jami'armu ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba, aka ce in hau jirgin ƙasa zuwa babban birni. Na je na tarar da ƙofa a kulle, wai ya tafi hutu. Da na koma, ya riƙe fasfona da yatsu biyu, ya juya gaba ya juya baya, ya ce katin jami'ar da ke hannuna na wucin gadi ne, in kawo na dindindin. Masu katin suka ce sai takardar zamana ta fito. Masu takardar zama ba sa ɗaga waya. Na zauna a tasha ina gwaguyar busasshen burodi, na tuna irin zagin da nake yi wa ofisoshinmu na gida, na ce Allah ya yafe mini. Ashe "je ka dawo" ba mu muka ƙirƙiro ta ba, tasu dai da murmushi ake haɗawa.

Ana cikin haka Dokta Sagir ya shigo rayuwata. Ɗan Kaduna ne, ya riga ni zuwa da daɗewa, ya gama digirinsa yana aiki a ƙarƙashin Farfesa. Ranar da ya ji ina Hausa a waya ya rungume ni, ya ja ni gidansa, matarsa ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ci har idona ya kawo ruwa. A gaban Turawa yakan ce shi ɗan daji ne, cikin itatuwa ya tashi. Da hira ta yi hira na gano sau ɗaya ya taɓa ratsa Birnin Gwari, a mota, gilashi a rufe. Dawa da gero in suna tsaye a gona ba ya bambance su.

"Haba ƙanena, kana da ni kake wannan wahala?" ya ce. "Kawo hotunan da ka tsara in tura maka da makullina. Kafin naka ya fito ka rage hanya."

"Dokta, na ji an ce ba a yi wa mutum aiki da makullin wani."

"Dokar Bature ce wannan. Wa zai sani? Mu da muke aron jaki da galma."

Na ba shi. A wajenmu wanda ka ci tuwon gidansa ba ka ce masa ya rantse. Aikin da na yi wata da watanni ina tacewa, ina cire gajimare daga hotuna, ina jan iyakoki, duk na kwashe na miƙa masa. Daga nan in na tambaya sai ya ce layi ne ya yi tsawo, in ƙara haƙuri. Ya kuma daina gayyatata cin tuwo.

Kwatsam aka kira taron sashe. Na shiga na tarar da Sagir cikin kwat, ya sha turare, yana tsaye gaban allon majigi. A kujerar gaba ga wata mata daga wata ƙungiya mai kuɗi, irin waɗanda ke biya a killace daji, a hana sara a hana noma, wai itatuwan su shanye hayaƙin da masana'antun Turai ke fitarwa. Sagir ya danna, taswira ta fito, tawa ce sak, ko launin iyakokin bai canza ba.

"Albishir ne daga Afirka," in ji shi. "Daji yana dawowa da kansa. Duk inda kuka ga kore, da can fili ne tsirara. Yanzu yanayi ya karɓi abinsa."

Aka tafa. Farfesa ya ce za a haɗa taswirar cikin rahoton da ƙungiyar za ta kai wa hukumomi a ƙarshen zangon karatu, don a nemi killace wuraren da suka farfaɗo.

Ni kuwa ban ji sauran ba, idona yana kan allo. Na ga hanyar da ta fita daga Dogon Dawa. Na ga inda rafi ya yi gwiwa, inda muke shayar da shanun noma. Na bi da ido zuwa yamma kaɗan, sai ga gonar Baba, kore shar. Ta Baba Ayuba kore. Ƙauyen gaba ɗaya kore, har da filin masallaci da na coci da maƙabarta. Ciyawa da sabara da suka rufe gonakin mutanen da aka kora da bindiga, su ake yi wa tafi.

Na ɗaga hannu. "Wannan gonaki ne. Masu su gudu suka yi."

Farfesa ya yi mini irin murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Mun fahimci yadda kake ji, wurin gida ne a gare ka. Amma inji bai ga gona ba. Kana da hujja?"

Ba ni da ita a hannu. Da aka tashi Sagir ya matso, yana murmushi don masu kallo, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Kai ƙanena, ka rufa mana asiri mana. Wajen da aka riga aka tashi, waye zai koma can?"

"Ubana," na ce.

Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Satar aikina ma ba ta dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, in takardar nan ta wuce, ranar da Allah ya kawo zaman lafiya Baba zai ɗauki fartanya ya tarar da shinge, a nuna masa taswira a ce daji ne, kuma da hotunan da ɗansa ya tsara aka zana ta.

Na kira Baba da rana, bayan azahar ɗinsu. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa.

"Baba, a taswirar mutanen nan gonarmu ta zama daji."

Can ya ce, "Ikon Allah. To ɗorawar kan iyaka fa, Ɗan'asabe? Ita ma ta zama daji?"

Ɗorawar nan tana da tarihi. Tana tsaye daidai kan iyakar gonarmu da ta Baba Ayuba, kuma tun ina yaro suke musu a kanta. Baba ya ce kakansa ne ya bar ta lokacin da ya sare wajen, Baba Ayuba ya ce kakansa ya riga kakanmu zuwa. Duk shekara in ta yi 'ya'ya sai an yi cacar baki har maƙwabta su taru, sannan mata su karkaɗe ta su raba kalwa biyu, kowa ta dafa daddawarta, a aika wa juna ɗanɗano. Ba a taɓa kai maganar gaban mai unguwa ba, don ba wanda yake so ta ƙare.

Tambayar Baba ce ta buɗe mini kai. Duk wanda ya taɓa sharar gona a wajenmu ya san ba a sare ɗorawa da kaɗanya. A share komai a bar su tsaye, nan ɗaya can ɗaya. Saboda haka in ka dubi gona daga sama da rani, bayan an yi girbi, manyan itatuwa za ka gani a warwatse, tsakaninsu ƙasa fayau. Daji ba ya yin haka. Sagir hotunan damina kawai ya tura, na shekarar farko da na ƙarshe, don su suka fi kyau a allo. In na bi hotunan rani shekara bayan shekara, gonakin za su nuna kansu, har da lokacin da aka bar su. Amma wannan aiki ne na gayya, ni kuwa har yanzu ba ni da makulli.

Allah ya sa takardar zamana ta fito, katin ya biyo baya, na sake hawa jirgin ƙasa. Wannan karon mai riƙe fasfo da yatsu biyu ba ya nan, ya sake tafiya hutu. Wata mata ce a madadinsa, Marta, injiniya ce cikin masu kula da girid ɗin, dattijuwa mai gajeren gashi fari. Ta dubi fasfo, ta dube ni, ta ce, "Kai ne." Shi kenan fa. Abin da aka yi ta wahalar da ni a kansa bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Ta kuwa ba ni shayin, ta ce na yi kama da wanda bai karya ba.

Na ɗauka na gama, ashe saura. Mai makulli ma sai ya shiga rukunin masu bincike irin nasa, shugaban rukuni ya amince, sannan a ba shi rabon lokaci a kan injuna. Farfesa ne shugaban namu, amma ya fi ƙarfin danna maɓalli, ya wakilta Sagir. Na tura buƙata, ta kwanta. In mun haɗu a baranda sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ayyuka ne suka yi mini yawa, zan duba." Zangon karatu kuwa yana ta ƙarewa.

Na kira Marta na faɗa mata gaskiyar abin da ake ciki, har da ɗorawa. Ta ce akwai rukunin sababbin shiga, kowane ɗalibi yana da haƙƙi a ciki, ba a neman izinin kowa, sai dai rabon lokacinsa kaɗan ne, in yi tattali. Kafin mu ajiye waya ta saka ni.

Aikin farko da na tura ya mutu. Na biyu ma ya mutu. Injunan da aka ce sun fi mutanen ƙasa lissafi, in abu ya lalace ba su iya cewa ga inda ya lalace ba, sai su jero maka lambobi shafi guda. Rabon lokacina yana ta zaizayewa a banza, na fara tsorata. Na sake kiran Marta ina jin kunya.

"Me ka tura?" ta ce.

"Dajin."

"Duka?"

"Duka."

Ta yi dariya, ba ta raini ba. "Ka ɗora wa inji ɗaya abin da ya kamata ɗari su ɗauka. Yanka shi ƙanana. Ka fara gwadawa da ɗan yanki ɗaya da ka sani sosai, in ya fito daidai sai ka saki sauran."

Ni da na kira abin gayya da bakina, na manta a gayya kowa kunyarsa ake ba shi. Na yanka taswirar gunduwa-gunduwa. Yankin da na sani sosai kuwa ba sai na yi tunani ba. Na tura gonar Baba ita kaɗai, na zauna ina kallon allo. Aka rubuta tana jira. Ta daɗe tana jira a bayan ayyukan masu binciken taurari da masu binciken magunguna, gonar dawa da masara daga bayan Dogon Dawa, a layi ɗaya da su. Can aka rubuta ana aiki. Can aka rubuta an kammala.

Na buɗe. Ga ta nan da rani, shekara bayan shekara: ƙasa ja a share, itatuwa ɗigo-ɗigo kowane a mazauninsa, har layin kunyoyi ana iya gani a hotuna masu kaifi. Na ga shekarar da Baba ya ƙara faɗinta ta gabas, lokacin da zan shiga jami'a. Sai na zo kan shekarar da aka gudu, ƙasar ta fara duhu daga gefe. Shekara ta gaba ta rufe. Itatuwan dai suna nan inda suke. Na rufe ƙofar ofis na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Na saki sauran yankunan, injuna suka rarraba, kowanne ya ɗauki nasa. Rabon lokacina ya ƙare daidai da gunduwar ƙarshe. Ban bi ta kan Sagir ba, na nemi Farfesa ya ba ni ɗan lokaci a taron sashe na gaba, wanda matar ƙungiyar ma za ta zo.

Na jera musu hotunan a allo ɗaya bayan ɗaya, na yi bayanin ɗorawa da kaɗanya, na ce su dubi yadda ƙauyuka da gonaki suka yi duhu a shekara guda, kuma ba ruwan sama ne ya ƙaru ba. Na zaci Farfesa zai ji kunya. Ina! Tsalle ya kusa yi.

"Abin sha'awa!" ya ce. "Wannan ya fi na farko. Gonakin da rikici ya kori masu su, ana ganinsu daga sama! Babu wanda ya taɓa rubuta wannan a kan yankin."

Mutanenmu da aka kashe da waɗanda aka kora sun zama abin sha'awa, za a samu maƙala mai kyau. Matar ƙungiyar ta haɗe rai, ta ce abin takaici ne da ba daji ba ne, dole su cire wajen daga rahotonsu. Takaicinta kenan. Sagir kuwa ya miƙe ba ko kunya, ya gyara kwat, ya ce shi ma tun farko ya yi zargin haka, shi ne ma ya ba ni shawarar in duba hotunan rani. Na dube shi, ya dube ni, ya kashe mini ido. Da maƙalar ta fito sunansa yana gaban nawa, kuma har na baro ƙasar ƙanena yake ce mini.

Ban yi jayayya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne launi. Na ce wuraren nan ba za su fita da kore ba. Aka ba su ruwan ƙasa, aka rubuta a gefen taswira cewa gonaki ne, masu su suna nan da rai. Na karanta layin sau da yawa kafin na yarda a buga.

Na fita waje cikin yayyafin nan nasu na kira gida.

"Baba, an cire gonarmu daga daji. An rubuta gona ce, mai ita yana nan."

"Da ma wa ya ce ba na nan?" in ji shi. Ya yi tari, sannan ya rage murya. "Ɗan'asabe, injin nan naku yana ganin ɗorawar?"

Na raɓe a ƙarƙashin rumfar tashar bas, na buɗe kwamfuta a kan gwiwa, na nemo hoto mafi sabo, na matso da shi har kan iyaka. Ga ta nan, ta fi duk na kusa da ita faɗin kai.

"Tana nan, Baba."

"A tsaye? Ba su sare ta ba?"

"A tsaye take."

Na ji ya janye wayar daga kunne, na ji ƙarar takalminsa a siminti, sannan ya ɗaga murya yadda rabon da in ji ya yi tun muna ƙauye.

"Ayuba! Ayuba, fito! Yaro ya gano ta daga sama. Ɗorawata tana nan!"

Daga nesa na ji an turo ƙofa, sai muryar Baba Ayuba. "Ɗorawar wa? Malam, ka ji tsoron Allah! Ɗorawata dai. Kakana ne ya bar ta!"

"Kakanka? Kakanka da ya zo ya tarar da ita tana 'ya'ya?"

Suka kaure, wannan ya kawo kakansa wancan ya kawo nasa, na ji mata suna fitowa suna dariya, wata tana cewa a bari dai a koma tukuna. Sun manta da ni a kan layi. Bas ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ni ina zaune da waya a kunne ina sauraron su har katin wayata ya ƙare.